Na'urar Sauraron Littafi Mai Tsarki da Na Saya wa Inna a Sabon Gari, da Darussan da ke Cikinta

Wata shida ke nan da na sayi wata ƙaramar na'ura ta sauraron Littafi Mai Tsarki a wani shagon littattafan Kirista da ke Sabon Gari a Kano, kuma ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na samu a cikinta, mai daɗi da marar daɗi, domin amfanin waɗanda suke tunanin saya wa iyayensu. Na saye ta ne saboda mahaifiyata, wadda yanar ido ta raba ta da karatu tun bara, alhali ta yi fiye da shekara 40 ba ta kwanciya sai ta buɗe Zabura. Jikokinta sun yi ƙoƙarin karanta mata da dare, amma karatun boko ya sa Hausarsu ta rubutu ba ta nuna ba, suna tuntuɓe a kan sunaye, ita kuma tana gyara musu daga ƙwaƙwalwa har kowa ya gaji.

Shagon ƙarami ne, mai tsawo ba faɗi, kantocinsa cike da littattafan waƙoƙi, da kalanda, da zannuwan zumuntar mata da aka jera a gefe guda. Mai shagon dattijo ne mai natsuwa, kuma abin da ya fara burge ni shi ne bai miƙo mini mafi tsada ba. Ya tambaye ni, “Malam, wa za ka saya wa?” Da na ce masa Innata ce, kuma idonta ba ya gani sosai, sai ya mayar da wadda na ɗauka, mai allo da maɓallai barkatai, ya fito da wata daga ƙasan kanta ya ce, “Ɗauki wannan, Malam. Maɓalli biyar ne kawai, kowanne da siffarsa daban, Mama za ta gane su da yatsa.” Girmanta bai wuce sandar sabulun wanki ba, a bayanta akwai farantin sola, a gefe kuma akwai wurin sa katin memori da wurin caji. Mun yi ciniki muka daidaita a kan naira 14,000 har da katin, wanda yake ɗauke da littattafai 66 na Littafi Mai Tsarki, 39 na Tsohon Alkawari da 27 na Sabon Alkawari, sai kuma jerin darussa goma, kowanne kusan rabin awa, a kan cin amana, da zubar da jini saboda mulki, da dogara ga Allah a lokacin ruɗani. Darussan nan ban neme su ba, gyara ne mai shagon ya yi mini, amma su ne suka zama dalilin wannan rubutu.

Zan fara da karatun nassin a taƙaice. Inna ta girma ne da tsohuwar fassara ta 1932, wadda Dokta Walter Miller na Wusasa yake cikin manyan waɗanda suka yi aikinta, saboda haka kunnenta ya ɗan ɗauki lokaci kafin ya saba da fassarar da ke kan katin, wadda Hausarta ta fi kusa da ta yau. Masu karatun suna da yawa, ba murya ɗaya ba ce. Wanda ya karanta Zabura da Annabawa ya iya aikinsa, yana ba kowace aya numfashinta, amma wanda ya karanta littattafan Sarakuna da Tarihi yana sauri, kuma ba koyaushe yake bambanta ƙ da k ba, abin da yake sa mai sauraro ya tsaya yana laluben ma'anar kalma maimakon ya bi labarin.

Darasi na farko mai ƙarfi shi ne na biyu, wanda ya ɗauko Abimelek daga Littafin Mahukunta sura 9. Malamin, wanda ba a faɗi sunansa a katin ba, ya tsaya a kan wani abu da masu wa'azi da yawa suke tsallakewa: mutanen Shekem sun ɗebo azurfa 70 daga haikalin gunkinsu suka ba Abimelek, shi kuwa ya yi hayar 'yan iska marasa aikin yi da kuɗin, ya tafi da su gidan mahaifinsa a Ofra ya yanka 'yan'uwansa maza 70 a kan dutse ɗaya, in ban da Yotam, autansu, wanda ya ɓuya. Duk wanda ya taɓa ganin lokacin kamfe a Kano, ya ga motoci cike da 'yan jagaliya ana raba musu kuɗi da abin maye, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Malamin bai ambaci wata jam'iyya ko wani ɗan siyasa ba, kuma na yaba masa a kan haka. Ya bar misalin Yotam ya yi aikinsa, inda zaitun da ɓaure da kurangar inabi suka ƙi sarauta saboda suna da amfanin da suke bayarwa, ƙaya kuwa ta karɓa da hannu biyu. Shekara uku Abimelek ya yi yana mulki kafin mutanen da suka ɗora shi su juya masa baya, kuma ƙarshensa ya zo a Tebez, inda wata mace ta sako masa dutsen niƙa daga kan hasumiya.

Amma inda darussan suka nuna nauyinsu sosai shi ne daga na huɗu zuwa na shida, waɗanda suka bi littafin annabi Irmiya daga sura 40 zuwa 43. Ni kaina, duk da shekarun da na yi ina zuwa majami'a, ban taɓa jin an yi wa'azi a kan waɗannan surori ba. Wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, rundunar Nebukadnezzar ta rushe Urushalima, ta ƙone Haikali, ta kwashe manyan mutane zuwa Babila, ta bar talakawa a ƙasar. Sarkin Babila ya naɗa Gedaliya ɗan Ahikam ya zama gwamna a Mizfa. Malamin ya kyauta da ya gaya mana asalinsa: kakansa Shafan shi ne magatakardan da ya karanta wa sarki Yosiya littafin shari'a da aka tsinta a Haikali, mahaifinsa Ahikam kuwa shi ne ya tsaya wa Irmiya lokacin da ake neman ransa. Gedaliya ya ce wa mutane su zauna, su tara ruwan inabi da 'ya'yan itatuwa da mai. Yahudawan da suka gudu zuwa Mowab da Ammon da Edom suka fara komowa, amfanin gona ya yi yawa, rayuwa ta fara tsirowa a kan kufai.

A wannan lokacin ne Yohenan ɗan Kareya da sauran shugabannin mayaƙa suka zo suka gaya wa Gedaliya cewa Ba'alis, sarkin Ammonawa, ya aiko Isma'ilu ɗan Netaniya ya kashe shi. Gedaliya bai gaskata ba. Yohenan ya koma wurinsa a asirce ya nemi izini ya je ya kashe Isma'ilu ba tare da kowa ya sani ba, domin kada sauran mutanen su sake watsewa, amma Gedaliya ya hana shi, ya ce ƙarya yake yi wa mutumin. A wata na bakwai Isma'ilu, wanda yake daga zuriyar sarauta, ya zo Mizfa da mutum goma, suka zauna cin abinci tare da gwamnan, kuma a wurin cin abincin nan suka tashi suka kashe shi, suka haɗa da Yahudawan da ke tare da shi da sojojin Kaldiyawa, wato na Babila, da suka tarar. Hausawa suna cewa da ɗan gari akan ci gari, kuma malamin ya nuna cewa Ba'alis bai aiko ko soja ɗaya na Ammon a fili ba, ya samu ɗan gida mai jin cewa kujerar tasa ce aka ba wani.

Na tuna daren da muka kai ga abin da ya biyo baya. Muna tsakar gida bayan an idar da sallar isha'i a masallacin unguwa, an ɗauke wuta, Inna tana kan tabarma da na'urar a cinyarta. Washegarin kisan, tun kafin labari ya bazu, mutum 80 suka taho daga Shekem da Shilo da Samariya, sun aske gemu, sun yage tufafi, suna ɗauke da hadaya da turare domin su kai ɗakin Ubangiji. Isma'ilu ya fita ya tarye su, yana tafe yana kuka, ya ce su zo wurin Gedaliya. Da suka shiga tsakiyar gari ya karkashe su ya zuba gawawwakin a cikin wata rijiya, ya bar mutum goma kawai saboda sun ce suna da alkama da sha'ir da mai da zuma da suka ɓoye a saura. Inna ta lalubi maɓallin tsakiya ta tsayar da muryar, ta yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ta ce, “Ɗana, hawayen nan nasa sun fi takobin ba ni tsoro.” Da ta sake kunnawa, malamin ya ƙara wani bayani da ya daɗe a raina: rijiyar nan sarki Asa ne ya haƙa ta tun da daɗewa saboda tsoron Ba'asha sarkin Isra'ila, wato abin da aka tanada domin ya ceci mutanen gari a lokacin yaƙi shi ne ya zama kabarin masu ibada. Har yau Yahudawa suna azumi a kowace shekara, a watansu na Tishri, domin tunawa da kisan Gedaliya.

Abin da ya sa na ce darussan nan sun cancanci kuɗinsu shi ne yadda malamin ya ƙi ya sauƙaƙa wa mai sauraro. A gari irin Kano, inda muka ga rikicin watan Oktoba na 1991, da na watan Mayu na 2004, da rikicin bayan zaɓe na Afrilun 2011, da hare-haren yammacin Juma'ar 20 ga Janairun 2012, da harin tashar mota ta New Road a watan Maris na 2013, abu ne mai sauƙi ga mai wa'azi ya ɗauki kowane mugu da ke cikin nassi ya sa masa rigar maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba. Wannan malami bai yi haka ba ko sau ɗaya. Ya bi labaran ɗaya bayan ɗaya ya nuna cewa a kowannensu hannun da ya riƙe wuƙa hannun gida ne. Isma'ilu Bayahude ne, jinin Dawuda. Ahitofel mashawarcin sarki Dawuda ne, Absalom kuwa ɗan cikinsa, su ne kuma suka tayar masa. Yowab, jarumin yaƙin Dawuda, ya kama gemun Amasa, ɗan'uwansa na jini, da hannun dama kamar zai sumbace shi, yana tambayar lafiyarsa, ya soke shi a ciki. Zabura 41 tana kuka ne a kan aminin da ya ci abincin mai rubutun sa'an nan ya juya masa baya, Zabura 55 kuma ta ce da maƙiyi ne ya yi zagin da an iya jurewa, amma abokin da ake tafiya ɗakin Allah tare da shi ne. Malamin ya kuma tuna wa masu sauraro cewa a ranar 28 ga Nuwamban 2014 masallata ne aka kashe a Babban Masallacin Juma'a na Kano, sama da mutum 100, don haka ba mu kaɗai muka binne namu ba.

Daga nan ya juya ya nuna ɗaya fuskar, wadda ita ce ta fi taɓa gidanmu. Lokacin da fādawan sarki Zedekiya suka jefa Irmiya a rijiya mai laka, wanda ya je gaban sarki ya roƙa, ya kuma tattaro tsummoki domin annabin ya sa a hammatarsa kada igiya ta yanke shi, shi ne Ebed-melek, baƙo daga ƙasar Kush. Lokacin da Dawuda yake gudu daga Absalom, Ittayi mutumin Gat, wato Bafiliste, shi ne ya rantse cewa duk inda sarki yake, ko a mutuwa ko a rayuwa, nan zai kasance. Cikin waɗanda suka kawo wa Dawuda gadaje da tukwane da alkama da wake da zuma a Mahanayim akwai Shobi ɗan Nahash, Ba'ammone daga Rabba. A watan Afrilun 2011, kwana biyu bayan zaɓen shugaban ƙasa, maƙwabcinmu, wani Alhaji mai sana'ar hatsi a Dawanau, shi ne ya ƙwanƙwasa mana ta ƙofar baya ya ce, “Malam, kwaso su Inna ku shigo, maza.” Kwana biyu muka yi a ɗakin uwargidansa, wadda ta ba Inna mayafinta, shi kuma ya zauna a ƙofar gida a kan buzu kamar ba abin da ke faruwa. Bayan ƙura ta lafa muka tafi ƙauye na wata biyu, muka bar makullin shagon ɗinki na marigayi mahaifina a hannun wani ɗan'uwa da muke sujada tare, wanda ya sha cin tuwo a gidanmu. Da muka komo, keken ɗinki uku da yadudduka duk an sayar, aka ce masu tarzoma ne suka kwashe, alhali ƙofar ba ta ko kwarzane ba. Inna ba ta taɓa maganar nan a gaban yara ba sai daren da ta ji darasi na biyar.

Akwai kuma tambayar da malamin ya bari a buɗe, kuma ina ganin ya yi daidai da ya bar ta. Shin Gedaliya ya yi kuskure da ya ƙi jin gargaɗi? Babu shakka ya yi sakaci da bai ko binciki maganar ba, da kuma ya zauna cin abinci da wanda ake zargi ba tare da tsaro ba. Amma shawarar Yohenan ita ce a kashe mutum a ɓoye a kan jita-jita, ba shari'a, ba shaida, kuma nassin bai yabi wannan shawara ba. Malamin ya ce tsakanin kyautata zato marar ido da kisan riga-kafi akwai hanya ta uku, wato bincike da taka-tsantsan, wadda ba wanda ya bi cikin su biyun. Duk wanda ya ga yadda jita-jita guda take rufe kasuwar Sabon Gari da ta Kwari cikin rabin awa, mutane suna gudu ba su san abin da ya koro su ba, ya san darajar wannan magana.

Darasi na shida shi ne na dogara ga Allah, kuma a nan ne na fi amfana, a nan ne kuma na fi samun saɓani da malamin. Yohenan ya bi Isma'ilu ya cim masa a babban tafkin Gibeyon, ya ƙwato mutanen da ya kwashe, Isma'ilu ya tsere zuwa Ammon da mutum takwas. Mutanen suka sauka kusa da Baitalami da niyyar wucewa Masar, saboda tsoron kada Babila ta ɗauki fansar gwamnanta a kansu. Suka roƙi Irmiya ya yi musu addu'a, suka yi alkawari cewa ko amsar ta yi musu daɗi ko ba ta yi ba za su bi. Amsar ba ta zo ba sai bayan kwana goma. Malamin ya daɗe a kan kwanakin nan goma, yana sa mai sauraro ya ga mutane da kayansu a ɗaure, kowace ƙura da ta tashi a hanyar arewa suna zaton dawakan Babila ne, annabi kuwa bai ce komai ba domin ba a faɗa masa komai ba tukuna. Ya ce annabin ƙarya da ya ba su amsa a daren farko, amma Irmiya ya gwammace a ga jinkirinsa da ya ƙirƙiro magana da sunan Allah. Da amsar ta zo, cewa su zauna a ƙasar, Allah zai gina su ba zai rushe su ba, zai dasa su ba zai tumɓuke su ba, sai suka ce ƙarya yake yi, magatakardansa Baruk ɗan Neriya ne yake zuga shi. Suka tafi Masar har Tafanes, suka tafi da Irmiya da Baruk, a can kuma annabin ya binne manyan duwatsu a ƙofar gidan Fir'auna ya ce a kansu Nebukadnezzar zai kafa kursiyinsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Saɓanina shi ne, a minti biyar na ƙarshen darasin malamin ya miƙa wannan labari har ya kai ga cewa duk wanda ya bar garinsa a lokacin fitina ya gaza a bangaskiya. Wannan magana ta wuce abin da nassin ya faɗa. Laifin mutanen Yohenan shi ne sun nemi umarni, sun rantse za su bi, an ba su umarnin a fili, suka ƙi, domin tun kafin su tambaya zuciyarsu ta riga ta isa Masar. Amma Dawuda ya bar Urushalima ba takalmi, kansa a lulluɓe, yana hawan Dutsen Zaitun yana kuka, kuma a cikin gudun nan ne ya ce wa Zadok firist ya mayar da akwatin alkawari cikin birni, in ya samu tagomashi Allah zai komo da shi, in kuwa ba haka ba, Allah ya yi da shi yadda ya ga dama. Yusufu ya ɗauki Maryamu da jariri Yesu da dare zuwa Masar ɗin nan da kanta, bisa umarnin mala'ika. Yesu ya ce wa almajiransa a Matiyu sura 10 in an tsananta musu a wannan gari su gudu zuwa wancan. Iyalai da yawa da na sani sun bar Kano bayan 2012, wasu gwauraye ne da marayu a hannu, kuma ba zan so wata daga cikinsu ta ji wannan darasi ta ɗauka ana tuhumarta ba. Duk wanda zai kunna darasi na shida a taron zumunta, ina ba shi shawara ya shirya waɗannan ayoyi a hannunsa.

Darasi na tara, a kan Yahuza Iskariyoti, shi ne mafi rauni. An yi shi da gaggawa, muryar ta koma ta wa'azin dandali, an maimaita azurfa 30 sau da yawa, amma an tsallake abin da ya fi dacewa da jerin baki ɗaya, wato Bitrus da ya zare takobi ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist, da Yesu da ya ce masa ya mayar da takobin kube, sa'an nan ya taɓa kunnen ya warkar. Jerin da ya yi magana a kan ramuwar gayya bai kamata ya wuce wannan wuri a guje ba. Na goma, a kan Habakuk da ɓauren da bai yi toho ba da garken da ya ƙare, gajere ne amma ya zauna daidai.

Game da na'urar kanta, lasifikarta tana da ƙarfin da ya ishi tsakar gida, amma in an ƙure ƙarar tana kakari, kuma ƙarar darussan ta fi ta karatun nassi, saboda haka duk lokacin da aka sauya sai an gyara. In an cika batirin da wuta yana kai Inna kwana uku tana sauraro safe da dare. Farantin sola yana aiki sosai da bazara, amma a kwanakin hazo na hunturu wuni guda a rana ba ya ba da fiye da abin da za a saurara da dare ɗaya. Babbar matsalarta ita ce rashin allo, wanda shi ne kuma amfaninta ga marar gani. Tana ci gaba daga inda aka tsaya, amma in mutum yana Zabura yana so ya je Irmiya 40, sai ya danna maɓallin littafi sau biyar, sa'an nan ya danna na sura yana ƙirgawa har sau 39, in yatsa ya zame sai a sake. Da masu haɗa katin sun sa murya tana faɗin sunan littafi da lambar sura nan take a kowane dannawa, ba sai an jira karatu ya fara ba, da sun rage wa tsofaffi wahala mai yawa.

Mako uku bayan saye, darasi na bakwai ya fara yankewa a tsakiya yana tsallakawa zuwa na takwas. Na koma shagon, na tarar yaron shago ne kaɗai, ya ce ba shi da ikon canzawa, in dawo jibi. Wannan ya ci mini kuɗin Adaidaita sau biyu da rabin wuni, kuma ya nuna rashin rubutaccen garanti, domin rasit ɗin da aka ba ni bai ce komai a kan canji ba. Da na samu dattijon kuwa bai yi musu ba, ya sa katin a tasa na'urar ya saurara da kansa, ya ba ni haƙuri, ya canza mini da sabo ba tare da ƙarin ko sisi ba, ya kuma ce, “Ka gaishe da Mama, ka ce mata laifina ne da ban gwada shi duka ba.” Shawarata ga mai saye ita ce kada ya bar shagon sai ya kunna farkon kowane darasi da tsakiyarsa, ya kuma roƙi a rubuta masa sharaɗin canji a bayan rasit.

Na'urar ta dace da tsofaffi masu matsalar ido, da waɗanda suke jin Hausa amma ba sa karanta ta, da ƙananan ƙungiyoyin nazari a majami'un Hausa na cikin gari da na ƙauyuka. Darasi na biyu da na biyar suna da zubar da jini mai yawa, don haka ban bar ƙananan yara su saurare su su kaɗai ba. Wanda yake da babbar waya da data zai iya samun karatun nassin a manhaja, amma ba zai samu maɓallan da yatsan tsohuwa yake ganewa cikin duhu ba.

Yanzu kowace Alhamis Inna tana naɗe na'urar a gefen zanenta ta tafi da ita taron zumuntar mata, inda suka kai darasi na shida a makon jiya. Na rubuta mata ayoyin Dawuda da na Yusufu da na Matiyu sura 10 a takarda da manyan baƙaƙe, ta ba sakatariyarsu ta karanta bayan an kashe na'urar, kuma ta ce sun wuce lokacin tashi da kusan awa guda suna muhawara. Mata huɗu daga cikinsu sun ba ni kuɗi in sayo musu irinta ranar Asabar, kuma na riga na gaya wa mai shagon ya gwada katunan tun kafin in iso.